Aljani ko Aiki? Tsokaci a kan Labaran Manyan Makaɗan Hausa

Gabatarwa

Abu ne mawuyaci a zauna hirar makaɗan Hausa na da, har a tashi ba a kawo zancen aljanu ba. Da an ambaci Alhaji Mamman Shata, sai wani ya ce ai ba shi kaɗai yake waƙa ba, akwai masu raɗa masa a kunne. Da an ambaci Ibrahim Narambaɗa, sai a ce asirin da ya sha tun yana ɗan kokawa shi ne ya bi shi har cikin waƙa. In kuwa aka gangaro kan zambo, sai a shiga lissafin mutanen da aka ce bakin makaɗi ya kama su, wannan kasuwarsa ta karye, wancan sarauta ta kuɓuce masa. Labarai ne masu daɗin ji, ni ma ina cikin masu son jin su, kuma ba na nufin a daina ba da su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda waɗannan labarai suka baro bakin shago da teburin mai shayi, suka shigo cikin takardun da mu ɗalibai muke rubutawa, suka zauna daram a babin tarihin makaɗi kamar an tabbatar da su. A wannan 'yar maƙala zan yi ƙoƙarin nuna cewa labarin aljani yabo ne a baki, amma ragi ne ga makaɗin, domin yana ɗauke aikin daga hannun mai shi ya miƙa wa wanda ba a gani. Zan kafa hujja da abin da kowa zai iya ji da kunnensa a cikin waƙoƙin makaɗa uku. Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai su auna maganar, in ta yi nauyi a ɗauka, in ba ta yi ba a kawo wadda ta fi ta.

Wane zamani ake nufi?

Idan aka ce makaɗan da, galibi ana nufin waɗanda suka yi tashe daga wajen shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1980. A fada akwai Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi, da Mamman Sarkin Taushin Katsina, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru. A fagen dambe akwai Ɗan Anace. A cikin makaɗan jama'a akwai Shata da kalangunsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa. A cikin gida kuma akwai Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada da ƙwaryarsu.

Tambayar da ya kamata mai nazari ya fara yi ita ce, me ya sa aka sami waɗannan duka a lokaci guda? Shin kafin su ba a yi gwanaye ba ne? Lalle an yi. Bambancin kawai shi ne waɗannan sun zo daidai da na'urar ɗaukar murya. Makaɗin da ya yi wa wani sarki waƙa a ƙarni na sha tara, muryarsa ta bi shi kabari. Wanda ya zo a zamanin faifan garmaho da akwatin rediyo, musamman bayan da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, sai ga muryarsa ta isa Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Da kaset ya yawaita a shekarun 1970, sai waƙa ta shiga mota ta bi hanya.

Abu na biyu shi ne iyayen gida sun yawaita. A da makaɗi ɗan fada ne, ko na 'yan sana'a ɗaya, kamar maƙera ko mahauta ko manoma. Amma da kuɗin gyaɗa da auduga, daga baya kuma kuɗin man fetur, sai aka sami attajirai da masu motoci da direbobi da 'yan siyasa masu iya kyautar da a da sai sarki. Gwamnati ma ta shigo layi, tana neman makaɗa su ƙarfafa wa soja zuciya a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, su kuma wayar da kan jama'a lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Ashe ke nan zamanin yana da dalilansa da ake iya ƙirgawa, tun kafin a je ga aljanu.

Ire-iren labaran

A unguwarmu ta Gawuna, da maƙwabtanta Gama da Gwagwarwa, akwai dattawa da yawa waɗanda suka yi ƙuruciyarsu suna aiki a masana'antun Bompai, ko suna tuƙin manyan motoci, ko suna soja. Su ne ainihin masu sauraron wancan zamani, su suka sayi batir suka sa wa rediyo, su suka sayi kaset da kuɗin albashi. Daga irin hirarsu na lura cewa labaran makaɗa sun kasu kashi uku.

Na farko shi ne labarin asali da na laƙabi. Ana cewa Narambaɗa ya sami sunansa ne daga wata karya da yake da ita mai suna Rambaɗa. Ana cewa Ɗanƙwairo ya sami nasa ne daga wani mai suna Ƙwairo da ke tare da mahaifinsa, wanda muryarsu ta yi kama. Ɗanmaraya kuwa sunansa ma labari ne, domin iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Irin waɗannan ba su da illa, kuma ana iya bin sawunsu a wajen iyalan makaɗan.

Na biyu shi ne labarin aljani, watau cewa waƙar ba daga kan makaɗin take fitowa ba. Na uku shi ne labarin baki, watau cewa duk wanda makaɗi ya yi wa zambo sai wani abu ya same shi. Waɗannan biyun su ne abin dubawa, domin dukkansu suna magana ne a kan inda ƙarfin waƙa yake, kuma dukkansu suna nuna wani wuri dabam da cikin waƙar.

Game da labarin baki, abu ɗaya ya isa. Ana tuna mutumin da aka yi wa zambo ya faɗi, ba a tuna goman da aka yi wa suka ci gaba da harkarsu har suka tsufa. Kuma in ma zambo ya karya mutum, hanyar da yake bi a fili take: an sa sunansa a cikin waƙa mai daɗi, yara sun ɗauka, 'yan mata suna rerawa a dandali, rediyo yana maimaitawa, abokan ciniki sun fara dariya in ya wuce. Wannan aikin azanci ne, domin da waƙar ba ta yi daɗi ba, da ba wanda zai riƙe ta, da zambon ya mutu a inda aka yi shi. Su ma makaɗan sun san amfanin wannan tsoro, shi ya sa ba su cika ƙaryata labarin ba. Makaɗin da ake tsoron bakinsa ba ya komawa gida hannu rabbana.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya zaci wannan ɗabi'a ta Bahaushe ce shi kaɗai. Larabawan zamanin jahiliyya sun ɗauka kowane babban mawaƙi yana da aljaninsa da ke yi masa shifta, har suka ce aljanun suna zaune a wani kwari mai suna Abƙar, daga nan ne kalmar abƙari ta samo asali, wadda suke kiran mai tsananin hazaƙa da ita. A Amurka kuma akwai wani baƙar fata mai kaɗa jita, Robert Johnson, wanda ya rasu a 1938 yana da shekara 27, ya bar waƙoƙi 29 da aka ɗauka a 1936 da 1937. An daɗe ana cewa ya gamu da shaiɗan ne a mararrabar hanya da tsakar dare, ya sayar masa da ransa, shi kuma ya ba shi iya kiɗa. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar ashe ya ɓace wa mutane ne na wani lokaci, yana zaune wajen wani gwanin jita mai suna Ike Zimmerman yana koyo dare da rana. Mutane ba su ga wahalar koyon ba, sun dai ga ya tafi bai iya ba, ya dawo ya iya, sai suka cike giɓin da shaiɗan.

Wannan shi ne tushen labarin a ko'ina. Ana ganin makaɗi ranar biki, ba a ganinsa ranar da yake tufka da warwara a zauren gidansa.

Abin da kunne ke shaidawa

Bari mu fara da makaɗan fada. Duk wanda ya saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo da natsuwa zai ji cewa 'yan amshinsu ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa, ya kai tsakiya ya sake shi, su kuma su cafe su ƙarasa da murya ɗaya, kalma bisa kalma, ba mai riga wani, kana su gangara kan gindi. Wani lokaci ma su ne ke ɗauke da mafi yawan ɗan, shi yana buɗe musu ƙofa ne kurum. To, ina tambaya, ta yaya mutum huɗu ko biyar za su ƙarasa jimlar da ba su taɓa ji ba? In aljani ne ke raɗa wa jagora a take, sai dai a ce kowane ɗan amshi ma da nasa aljanin, kuma duk sun haɗa baki. Abin da kunne ke shaidawa shi ne an zauna an shirya, an maimaita har ta zauna, an jefar da kalmar da ta ƙi hawa kiɗan kotso an sa wata.

Tarihin Ɗanƙwairo ma ya ƙarfafa wannan. Ɗan gado ne, ya tashi yana bin mahaifinsa, sa'an nan ya zauna a ƙarƙashin wansa Kurna a matsayin Daudun Kiɗi, watau mataimakin jagora, kafin ya ja nasa ayarin. Muryar da ta yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ta ci gaba da tashe har rasuwarsa a 1991, ta yi shekaru tana amsa wa wani. Shi kuwa Narambaɗa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, ya faɗi yadda yake kallon kansa a cikin Bakandamiyarsa, inda ya kwatanta waƙarsa da ta Alfazazi mai Ishiriniya. A lura da wanda ya zaɓa ya jingina kansa da shi: malami ne, mawallafi, wanda ake karanta aikinsa a zaurukan ilimi. Mutumin yana neman a sa shi a sahun masana, mu kuma muna mai da shi sahun 'yan bori.

Sai Shata, wanda a kansa ne labarin aljani ya fi ƙarfi, kuma akwai dalili. An haife shi a Musawa a 1923, ba ɗan gado ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ga shi kuma yana iya tsayawa a gaban jama'a ya yi waƙa a kan mutumin da yanzu aka nuna masa, ko a kan abin da ya ji a labarai, kamar kumbon Apollo 11 da ya sauka a kan wata a 1969. Sai mutane suka ce wanda ba shi da malami, ba ya kuma zama shiri, daga ina yake samowa?

Amsar tana cikin zubin waƙar tasa. Gindin waƙar Shata gajere ne, 'yan amshinsa kuwa ba sa ƙari, shi suke maimaitawa ba canji. Wannan maimaici shi ne numfashinsa, a cikinsa yake ɗinka ɗan da zai biyo baya. Kalangu ya riƙe masa ma'auni, ya san yawan gaɓoɓin da za su shiga kafin amshi ya dawo. Sa'an nan yana da rumbu cike da kayan gini da ya tara shekara da shekaru: yadda ake jero garuruwan da ke kan hanya, yadda ake danganta mutum da ubansa da kakansa da matarsa, yadda ake gaida maroƙa da makaɗa, yadda ake tuna wanda ya mutu, yadda ake yi wa kai kirari in zance ya yanke. Sabon abu a waƙar yakan zama suna da aukuwa, sauran kuwa tubala ne da aka riga aka ƙona, gwanintar tana wajen zaɓe da jerawa cikin ƙiftawar ido. Mai son ya tabbatar da haka ya nemi ɗauka biyu ta waƙa ɗaya, wadda aka yi a gidan rediyo da wadda aka yi a wajen biki, ya saurare su a jere. Zai ji gindi ɗaya ne, amma 'ya'yan sun sauya wuri, wasu sun fita, wasu sun shigo.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga masana. Milman Parry ya ɗauki waƙoƙin mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, almajirinsa Albert Lord kuma ya fitar da littafi a 1960 yana bayyana yadda mawaƙin da bai iya karatu ba yake tsara dubban layuka a take ta hanyar irin waɗannan tubala. A nan gida, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Zancen rashin malami kuwa, dandali makaranta ce. Yaron da ya yi tallan goro yana waƙa don jan masu saye, ya kwana a wasannin samari da 'yan mata yana karawa da tsaransa, ya yi karatu mai tsawo, sai dai ba a ba da takardar shaida a wurin.

Na uku shi ne Adamu Ɗanmaraya, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015. Shi ba shi da ɗan amshi ko ɗaya, daga shi sai kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya. Aikin da amshi ke yi wa Shata, kuntigi ke yi masa: in ya ajiye magana, tsirkiya ta ɗauka, kafin ya dawo. Da yake ba shi da ayarin da zai cika fili, sai ya cika shi da mutanen da ya ƙirƙira. A waƙoƙinsa na zaman aure za ka ji miji ya yi magana, mata ta mayar, uwa ta sa baki, duk a bakin mutum ɗaya, kamar wasan kwaikwayo. Waƙarsa ta Karen Mota kuma ta ɗauki mutumin da ba mai yi wa kirari ta sa shi a tsakiyar fage. Wannan zaɓi ne na mai tunani, wanda ya dubi abin da yake da shi da abin da ba shi da shi, ya gina salonsa a kai.

Makaɗa uku, hanyoyi uku, kowace ta dace da kayan kiɗanta da masu sauraronta. Labarin aljani ba ya iya bayyana wannan bambanci, domin amsa ɗaya yake bayarwa ga kowa. Nazari shi ke iya bayyana shi.

Me ya sa muka fi son aljani?

A nan ne maganar ta zama mai ɗaci. Kowa ya san matsayin da al'adarmu ta ajiye maroƙi. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya kuma yi rubutu a kan roƙo a 1957, ya nuna yadda ake jin daɗin maroƙi ana kuma ƙasƙantar da shi a lokaci guda. Ana ba shi riga da doki, amma a yi ta jan ƙafa in ya zo neman aure. To, al'ummar da ta saba da haka, sai ga ta da mutumin da ya fi kowa iya sarrafa harshenta, ya san tarihin gidajen sarauta, ya san halin ɗan Adam, kuma maroƙi ne. Ɗayan biyu ne: ko ta yarda cewa maroƙi yana iya zama mai zurfin ilimi, ko ta ce abin ba nasa ba ne. Na biyun ya fi sauƙi. In aka ce aljani ne, an huta, ana iya sha'awar waƙar ba tare da an ɗaga darajar mai ita ba.

Ban musa baiwa ba. Allah yana fifita wani a kan wani a murya da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma da yawa sun yi dandali ba su zama Shata ba. Amma haka abin yake ga malami da alƙali da likita, ba mu kuwa taɓa cewa aljani ne ke yi wa malami fashin baƙi ba. Muna cewa Allah ya ba shi, ya kuma yi ƙoƙari. Wannan adalcin nake nema wa makaɗi. Sa'ad da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, abin da ta shaida ke nan, cewa aikinsa ilimi ne. Bai kamata mu da ke cikin jami'a mu zama masu warware wannan shaida a cikin kundayenmu ba.

Waɗanda labari ya binne

Akwai wata ɓarnar kuma. Labarin aljani labarin mutum ɗaya ne, saboda haka duk wanda ke tsaye a bayan jagora ya ɓace. A gwada tambayar masoyin Narambaɗa sunayen 'yan amshinsa, ko masoyin Shata sunayen masu kalangunsa, a ga mutum nawa za su iya kawo uku. Alhali in aka cire kalangun nan, ko aka sa wanda hannunsa ba ya zama, waƙar ba za ta tsaya ba. A ƙungiyar makaɗan fada ma, ɗan amshi yakan kawo kalma ko ɗa sukutum a lokacin shiri, a karɓa a sa, sunan jagora ne kawai zai fita. Da sanƙira mai fassara wa jama'a abin da aka faɗa, da mai gyaran fatar ganga, duk suna da hannu a abin da muke kira waƙar wane.

Mata kuwa nasu ya fi muni. Ba a cika ba su ko aljanin ba, gulma ake ba su. In aka zo kan Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, sai hira ta koma kan rawar da ake yi a gidan biki da kalmomin da ake ganin sun yi tsauri, a manta cewa ta ɗauki ƙwarya da ruwa, kayan da ke kowane tsakar gida, ta yi wa matan kulle magana a kan kishi da haihuwa da neman sana'a, da harshen da su suke yi wa junansu. Wannan taska ce ta Hausar mata wadda ba a samun ta a bakin makaɗan fada, kuma ta cancanci a yi mata nazarin jigo da salo kamar yadda ake yi wa kowace Bakandamiya.

Kammalawa

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun gama jami'a. Waƙoƙin wancan zamani suna yawo a wayoyin hannu da intanet, abin murna ne, amma da yawa an yanke su, an sauya musu suna, wasu ma an jingina su ga wanda ba shi ya yi ba, ba shekara, ba wuri. Mutanen da suka san gaskiyar yadda aka yi su, watau tsofaffin 'yan amshi da makaɗa da ma'aikatan gidajen rediyo, kullum raguwa suke yi. In muka ɓata sauran lokacin muna tattara labarin aljanu, za a wayi gari labarin ne kawai ya rage.

An riga an share mana hanya. Akwai ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, akwai ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da hanyar nazarin waƙar baka, akwai kuma littafin tarihin Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006. Shawarata ga 'yan ƙungiyarmu guda uku ce. Ta farko, duk wanda zai yi nazarin waƙa ya faɗi wace ɗauka ya saurara, a ina aka yi ta, in da hali da shekararta, ya kuma nemi ta biyu ya gwama. Ta biyu, in an je hira, kada a tsaya ga ɗan jagora kaɗai, a nemi wanda ya yi amshi da wanda ya riƙe ganga, a tambaye su yadda ake shiri, wa ke kawo gindi, kwana nawa waƙa ke ɗauka kafin a fita da ita. Ta uku, labaran aljanu da na baki a rubuta su, domin su ma adabin baka ne, amma a ba su babinsu dabam, a faɗi wanda ya ba da labarin da garin da aka ji shi, a nazarce su a matsayin abin da jama'a ke faɗa a kan makaɗi. Wanda ya yi haka zai ga labari ɗaya ana ba da shi a kan makaɗa uku, sunan kawai ake sauyawa.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Amma yabon da ya dace da gwani shi ne a san abin da ya yi, a iya nuna inda ya yi shi, a kuma kira aikin da sunan mai shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya gafarta musu kurakuransu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Wassalam.